Wa ya ɗauki alhakin yaron Kebbi?

Ɗan_Kabi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wasu alƙaluma ne suka hana ni sakat, na ce bari in kawo su nan mu tattauna. Binciken lafiyar iyali na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa a cikin yara 1,000 da aka haifa a jihar Ogun, 30 ne ke rasuwa kafin su cika shekara biyar. A jihar Kebbi kuwa 252 ne, wato ɗaya cikin huɗu ke nan. Haihuwa a asibiti, Imo kashi 94 cikin 100, Kebbi kashi 7. Ƙasa ɗaya fa, ministan lafiya ɗaya.

Da an ɗaga maganar sai a ce mana talauci ne, ko jahilci, ko al'ada. Ban musa ba, akwai su. Amma ni a ganina wani ne ya zauna a ofis ya yanke inda za a kai ungozoma da inda ba za a kai ba, ya yanke ko a gina katafaren asibiti a babban birni ko a sa wa ƙananan asibitocin karkara magani. Wannan aikin shugaba ne. Tambayata: wane shugaban ne ya fi riƙe da wannan igiyar, minista ko gwamna ko ciyaman ko sarki? Kuma an taɓa yin wanda ya rage wannan tazarar da gaske, ko duk baki ne?

Bakano_Mai_Shago:
Wa alaikumus salam. Malam ai amsa a fili take. Mutumin da in kansa ya sara jirgi yake hawa, me ya dame shi da asibitin ƙauyenku? A 2017 marigayi Buhari ya yi kwana sama da 100 a Landan a tafiya guda yana jinya. Kafin shi, Saudiyya aka kai marigayi 'Yar'aduwa a ƙarshen 2009. A yi doka kawai: duk mai riƙe da muƙami, da shi da matansa da 'ya'yansa, asibitin gwamnati dole. Wata shida ya yi yawa ka ga canji.

Likita_Mai_Kwana:
@Bakano_Mai_Shago, Alhaji za ka ga canji, amma ba inda kake zato ba. In aka tilasta musu, Babban Asibitin Ƙasa na Abuja za su gyara, da asibitocin koyarwa, da ɓangaren manya na asibitin ƙwararru da ke kusa da gidan gwamnati. Matar da naƙuda ta kama a wani ƙauye bayan Yawuri ba za ta san an yi ba. Ita tazarar da Ɗan_Kabi yake magana a kai ma ƙaruwa za ta yi. Kyawun asibiti daban, wa ke iya kaiwa gare shi daban.

Bakano_Mai_Shago:
To likita, ko hakan ne ai an rage wani abu. Yanzu fa ko na birnin babu.

Ungozomar_Karkara:
Salamu alaikum. Bari in faɗa muku abin da nake gani da idona, ku ku yanke hukunci.

Inda nake aiki, a takarda mu shida aka turo. Mu biyu ke zuwa, ni da wani malamin asibiti. Sauran huɗun kowacce tana da wanda ya tsaya mata: wannan matar wane ce, waccan ƙanwar mai girma wane ce. Sunansu na nan a rajistarmu, albashinsu na tafiya, jikinsu na asibitin cikin gari inda ake tashi ƙarfe biyu. A can za ka tarar da ungozomomi sun yi yawa har ana rabon kwanaki.

Daren da ba na mantawa, an kawo wata yarinya a amalanke, haihuwar fari, tana jijjiga. Babu wuta, na kunna fitilar waya na danne ta da haƙora don hannuwana biyu su samu aiki. Allurar jijjiga tamu ta ƙare tun makonni, na rubuta na sake rubutawa. Uwar mijin tana tofa mata addu'a a ka tana cewa iska ce, ni ina neman jijiya ban samu ba. Sai da mai unguwa ya taso wani mai mota daga barci muka tura ta babban asibiti, tafiyar fiye da awa ɗaya a hanyar da ruwa ya cinye. Allah ya yi da sauran kwananta, jaririn dai bai zo da rai ba.

Shugaban da nake nema ba wani mai dogon jawabi ba ne. Wanda zai ɗauki jerin sunayen ma'aikata ya ce kowa ya koma inda aka tura shi, kuma in waya ta shigo daga sama ya ce a yi haƙuri. Shi ke nan. Ko sisi ba a ƙara a kasafin kuɗi ba za a ga bambanci.

Ummu_Biyu:
Innalillahi. Allah ya saka miki da alheri Anti. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Sarkin_Shakka:
Anti ungozoma, Allah ya biya ki. Amma a yi wa huɗun nan adalci. Akwai gidan kwana a asibitin naku? Akwai makarantar da za su sa 'ya'yansu? Akwai tsaro? Mace da aurenta a birni ka ce ta tare a ƙauyen da ko ruwan famfo babu, kuma albashinta daidai da na wadda ke cikin gari. Ni ma da ƙanwata ce zan nema mata hanya.

Ungozomar_Karkara:
@Sarkin_Shakka ɗaki ɗaya ne, rufinsa na yoyo. Gaskiyarka ta wannan gefen. To ai shi ma gyara ɗakin da ƙara wa na karkara alawus duk aikin shugaban ne. Abin da ba zan yarda da shi ba, a bar sunan mutum a nan yana tare gurbi, in an zo ƙidaya a ce ai muna da ma'aikata shida, ba ma buƙatar ƙari.

Tsohon_Duba_Gari:
Yara, ku bar ni in sa baki, don na ga jiya na ga yau. Ɗan_Kabi ya tambaya ko an taɓa yin shugaban da ya gwada. An yi. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara, yayan mawaƙin nan Fela. Ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992, zamanin Babangida. Mutumin nan ya ɗauki abin da duniya ta amince da shi a taron Alma-Ata na 1978, cewa lafiya daga matakin farko take farawa, ya ce a Najeriya ma haka za a yi. Ya fara da ƙananan hukumomi 52 a matsayin gwaji, aka haɗa su da jami'o'i da makarantun koyon aikin lafiya. A 1988 aka fitar da manufar lafiya ta ƙasa. Lokacin ne muka riƙa bin gida gida muna koya wa mata haɗa ruwan gishiri da sukari, muna lissafin yaran kowace unguwa, muna kafa kwamitin lafiya a ƙauye. Akwai kuma tsarin Bamako na 1987, inda ake ba asibiti jarin magani ya sayar da sauƙi ya sake sarowa, kuɗin na juyawa a hannun kwamitin gari.

Abin da ya bambanta shi, shi likitan asibitin koyarwa ne, da ya so da can zai zuba kuɗin, abokan aikinsa su yi ta yabonsa. Bai yi haka ba, kuma ya sha suka a kai. Hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa da kuke ji yau, a 1992 aka kafa ta don aikin ya ɗore bayansa.

Sarkin_Shakka:
Baba, ranka ya daɗe, to ya ɗore? Don in aiki ya rushe da tafiyar mutum ɗaya, ni ban ga abin yabo sosai ba. Wannan ne ma ya sa ba na son yadda Ɗan_Kabi ya ɗora tambayar. Kullum muna jiran wani gwarzo ya faɗo daga sama.

Tsohon_Duba_Gari:
Bai ɗore yadda ake so ba, ɗana. An miƙa wa ƙananan hukumomi ragamar, su kuma ga su nan yadda kuka san su. Jarin maganin da yawa aka cinye. Amma ginshiƙan da ake tsaye a kai yau, har da su malaman lafiya na al'umma da ke riƙe da karkara, a lokacin suka yi ƙarfi. Kar ka raina.

Akawun_Ƙaramar_Hukuma:
Tunda an taɓo mu bari in fito. Na yi shekaru a sashen kuɗi na wata ƙaramar hukuma. Mutane na zagin ciyaman, kuma wasu sun cancanta, amma ku san yadda abin yake. Kason ƙaramar hukuma daga Abuja ba hannunta yake faɗawa ba, asusun haɗin gwiwa da jiha yake shiga. Kafin ya iso an cire na malaman firamare, an cire na masarauta, an cire na ayyukan haɗin gwiwa da ba a tambaye ka ba. Abin da ya saura albashi ne da ɗan na man mota. Shugaban sashen lafiya ya kawo takardar neman kuɗin gas na firjin rigakafi, ta kwana wata uku a tebur.

Ga kuma iyayen gida barkatai. Ma'aikacin asibiti ɗaya, hukumar ma'aikatan ƙananan hukumomi ce ta ɗauke shi, ciyaman ke biyansa, ma'aikatar lafiya ta jiha ke duba aikinsa, kayan aikinsa daga wata ƙungiyar agaji. In ya yi laifi wa zai hukunta shi? Shi ya sa a 2011 aka amince da tsarin tattara lafiya matakin farko a ƙarƙashin hukuma ɗaya a kowace jiha. Jigawa ma ta riga da tsarinta na Gunduma. A 11 ga Yuli 2024 kuma Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Hukunci dai an yanke.

Amsata ga Ɗan_Kabi: gwamna ne. A tsarinmu babu wanda ya kai shi riƙe wuƙa da nama a harkar nan.

'Yar_Damagaram:
Ina gaisuwa 'yan uwa na Najeriya. Mu a Nijar mun ga abin da shugaba ke iya yi da alƙalami guda, mun kuma ga iyakarsa. Zamanin marigayi Tandja Mamadou an gina ƙananan gidajen likita kusan 2,000 a karkara. A 2005 aka ce fiɗar haihuwa kyauta ce, a 2006 aka ƙara da yara 'yan ƙasa da shekara biyar da awon ciki. Mutuwar yara ta sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009, kuma kun san Nijar ba ta kai ku kuɗi ba ko kusa. Akwai gidan sauro da rigakafi da maganin tamowa a cikin dalilan, amma cire kuɗin ya sa uwa ta daina jira sai yaro ya galabaita kafin ta ɗauko shi.

Matsalar ita ce, gidan likita zai yi aikin kyauta ya aika wa gwamnati takardar biya, kuɗin ya yi watanni, wani lokaci shekaru, bai fito ba. Sai kantar magani ta bushe. Ka kai yaro a duba shi kyauta, a miƙo maka takarda ka je ka sayo magani na jika biyar a waje. Wanda ke da jika biyar ɗin ya tsira, wanda babu ya koma gida da takarda. A 2024 ma gwamnatin soja ta rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi. Mun yi murna, amma mu da muka ga na farko idonmu na kan kantar magani.

Bakano_Mai_Shago:
Ikon Allah, yau Damagarawa ke koya wa Kanawa mulki. Hajiya in kin shigo Kwari sayayya ki biya ki karɓi tukwici.

'Yar_Damagaram:
Riƙe tukwicinka Alhaji, ka sayi maganin sauro. Mun san ku da son banza.

Ɗan_Zangon_Kumasi:
Mu ma a Gana akwai abin dubawa. Da can sai ka biya kafin a taɓa ka, ko jini kake zubarwa. Shugaban ƙasa John Kufuor ya yi alƙawarin kashe wannan tsarin, a 2003 aka yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa, aka ɗora kashi 2.5 cikin 100 a kan harajin kaya don a riƙa zuba mata kuɗi. A 2008 aka ce mai ciki ta yi rajista kyauta. Kakata a Zango da katinta take zuwa asibiti. Irin ciwon da Hajiya ta faɗa muna da shi, gwamnati na jinkirin biyan asibitoci, wasu su ce maka wannan maganin kati bai ɗauke shi ba. Amma abin lura, gwamnatoci sun sauya tsakanin jam'iyyu biyu, babu wanda ya isa ya soke ta, don talakawa sun riga sun ɗanɗana. Wannan nake ganin amsa ce ga Sarkin_Shakka.

Sarkin_Shakka:
Wannan na karɓa. A ɗaure abu da doka da haraji, ba da kirkin mutum ɗaya ba.

Bazazzagi_77:
Duk kun manta da sarakuna. Wa ya kashe cutar shan inna a Arewa? Lokacin da Kano ta dakatar da rigakafi a 2003 ai sarakuna ne suka sa aka dawo da shi. Talaka ba ya jin maganar kwamishina, amma in dagaci ya ce a fito da yara za a fito da su.

Likita_Mai_Kwana:
@Bazazzagi_77 ka haɗe abu biyu. Dawowar rigakafin a Kano a Yulin 2004 ne, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ce ta janye dakatarwar bayan an yi gwaje-gwaje an kuma kawo maganin daga Indunusiya. Amma dawowar ba ta sa mutane sun buɗe ƙofa ba. A 2006 yara sama da 1,000 cutar ta kama a Najeriya, a 2008 kuma 798. Shigar sarakuna gadan-gadan a 2009 ne, lokacin da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya matakin farko, Dakta Muhammad Ali Pate na shugabancin hukumar ta ƙasa. A 2009 aka samu 388, a 2010 aka samu 21. Ba su kaɗai suka yi ba, an samu sabon nau'in maganin, gwamnoni ma sun sa hannu a alƙawari a Abuja, amma gaskiyarka kan cewa daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa an san gidan da aka tsallake da gidan da aka ɓoye yaro. Babu ma'aikatar da ke da wannan sanin.

Kar kuma a manta da waɗanda suka biya da rayukansu. A Fabrairun 2013 an harbe mata masu rigakafi tara a Kano. Na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta daji ta kama a Borno ne a 2016, a wuraren da rikici ya hana shiga, sannan a 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita.

Ummu_Biyu:
Likita ka yi haƙuri, ni nan ne abin ke min ciwo. Mahaifiyata na cikin masu ƙin buɗe ƙofa a lokacin, kuma ba jahila ba ce. Abin da take cewa: ɗigon shan inna har ɗaki ake biyo ka da shi kyauta, wata bayan wata, amma ranar da ƙyanda ko zazzaɓi ya kwantar da yaro ka je asibiti, ko farasitamol sai ka saya. Me ya sa wanda muke gani yana kashe mana yara ba a damu da shi ba? Ga kuma abin da ya faru a Kano a 1996, gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer a kan yara masu sanƙarau, wanda sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jiha. Mutane ba su manta ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Likita_Mai_Kwana:
Hajiya babu abin ba da haƙuri, maganar Mama ita ce gaskiyar da aka daɗe ba a saurara ba. Sai da aka saurara aka ci gaba. Shi ya sa daga baya aka riƙa haɗa ɗigon da sinadarin bitamin A da maganin tsutsar ciki da sabulu, aka kuma riƙa kafa sansanin duba marasa lafiya a unguwannin da ake ƙi. Abin takaicin, da aka ci nasara sai hankali ya kau. Mashaƙon da ya ɓarke daga ƙarshen 2022, Kano ce ta fi kowa jin jiki, kuma yawancin yaran ba su samu rigakafin yau da kullum ba. Maganin nan yana nan tun kafin a haife ni. Injin da aka gina don cuta ɗaya ya nuna ana iya kaiwa kowane gida in an ga dama. Shi ne ma aka ara aka murƙushe Ebola a Legas a 2014, mutum 20 suka kamu a ƙasar baki ɗaya, 8 suka rasu, cikinsu har da Dakta Stella Adadevoh da ta hana mai cutar fita daga asibiti.

Bazazzagi_77:
To ai maganata ta tsaya ke nan, shekarar ce kawai ta motsa. Kanawa dai ku ne kuka jawo mana.

Bakano_Mai_Shago:
Ka ji Bazazzagi. Je ka sha ruwan Kubanni ka huce.

Malama_Mai_Alli:
Ina karantawa tun ɗazu, babu wanda ya ambaci shugaban da ya fi kusa, wato maigida. Mata nawa ne naƙuda ke tsananta a ce a jira ya dawo daga kasuwa ko daga ci-rani kafin a fita da su? Gwamna bai hana ba, ciyaman bai hana ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kuma Ɗan_Kabi, ka duba yawan 'yan matan da ke gama sakandare a Ogun da na Kebbi, za ka ga rabin amsarka a can. Ungozomar da ake nema a karkara daga ina za ta fito in ba a bar 'yan matan garin sun yi karatu ba? Miji ya ce namiji ba zai duba matarsa ba, shi kuma ya cire 'yarsa daga aji uku.

Ɗan_Kabi:
Malama ban ƙi ba. Amma ki lura, a garuruwan da liman ya yi huɗuba a kai, mai gari ya tara magidanta ya ce kowa ya bar izini a gida tun ciki na wata bakwai, abin yana sauyawa. Wannan ma shugabanci ne. Kuma mijin da ya san in ya kai ta zai tarar da ƙofa a kulle, ko a ce ya kawo kuɗin safar hannu da na leda biyu ta jini, ba lalle rashin tausayi ne ya zaunar da shi ba. Sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a lafiya a ƙasar nan daga aljihun majinyaci yake fita.

Direban_Tasha:
Gaskiya ne. Ni ina cikin direbobin ƙungiyarmu ta tasha da aka koya wa ɗaukar mata masu naƙuda. Lambata na wajen mai unguwa da ungozomar gargajiya, ko ƙarfe biyun dare ne a kira ni, kuɗin mai kawai ake ba ni, wani lokacin ma babu. Ladan da ake mana a tasha shi ne in ka kai mace asibiti, washegari kai ne farkon lodi ba bin layi. Shugaban tasharmu ne ya tsaya a kan haka. Bai yi boko ba, amma mata da yawa na raye ta dalilinsa. Abin da ke karya min gwiwa, in yi gudu in isa a ce babu jini, mu wuce gaba.

Ungozomar_Karkara:
Allah ya yi muku albarka Malam direba. Irinku ne suka fitar da ni kunya ba sau ɗaya ba.

Akawun_Ƙaramar_Hukuma:
Bari in ƙara wani abu kan kuɗi, don mutane su san abin da za su tambaya. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don lafiya matakin farko. Sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin, shekara huɗu doka na kwance. Tsarin shi ne a zaɓi asibiti aƙalla ɗaya a kowace mazaɓa, wani kaso ya shiga asusunsa kai tsaye, shugaban asibitin da shugaban kwamitin ci gaban mazaɓa su sa hannu tare kafin a cire. Wani kason kuma na yi wa marasa ƙarfi rajistar inshora ne. A 2022 aka yi sabuwar dokar inshora da ta wajabta ta a kan kowa, da asusun masu rauni.

Inda gizo ke saƙa shi ne wa ke rubuta sunayen marasa ƙarfin. Na ga jerin da kansila ya kawo, rabinsa 'yan gidansu ne da 'yan jam'iyya, har da mai shagon siminti. Gurguwar da ke bara a bakin kasuwa ba ta ciki, don ba ta da lambar zama ɗan ƙasa kuma babu wanda ya je ya neme ta.

Sarkin_Shakka:
Kashi 1. Alhali a Abuja aka taru a 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawarin kashi 15 na kasafin kuɗi ga lafiya. Mu masu masaukin baƙi muna ta yawo a wajen 4 zuwa 6.

Likita_Mai_Kwana:
Kuma ko jihar da ta rubuta 15 a takarda, tambayi nawa aka saki, sannan nawa ya tafi gini. Gini ana yanke masa kyalle a ɗauki hoto. Albashin ungozoma da allurar jijjiga ba su da hoto.

Ɗan_Anka:
Ni daga Zamfara nake, bari in ba ku misalin da ya nuna wa ake gani wa ba a gani. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa MSF ne suka fara ganowa, da suka ga ƙananan kaburbura sun yi yawa. Bagega kuwa, ba a iya fara yi wa yara magani ba sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar, kuɗin kwashewar kuma sai farkon 2013 gwamnatin tarayya ta sake su, bayan matasa sun yi ta hayaniya a intanet. Likita ya kawo maganar Ebola a Legas. Cikin kwanaki aka tashi tsaye, kuma daidai ne, haka ya kamata. Amma ku auna da shekara kusan uku da yaran Bagega suka yi suna jira.

Ɗan_Kabi:
@Ɗan_Anka wannan shi ne ainihin abin da ke cina. Ba rashin iyawa ba ne.

Malama_Mai_Alli:
Amma ka ga su wa suka sa aka saki kuɗin? Ba wani mai rawani ko mai muƙami ba. Mu fa muke zaɓen mutanen nan. A yaƙin neman zaɓen da ya wuce, wa ya tsayar da ɗan takara ya tambaye shi ungozoma nawa zai ɗauka? Taliya da atamfa muka karɓa.

Bakano_Mai_Shago:
Malama mai jin yunwa ba ya tambayar ungozoma. Ni dai ina nan kan bakata, a hana su fita waje.

Ummu_Biyu:
Don Allah tambaya. An ce tiyatar haihuwa ta zama kyauta a Najeriya, gaskiya ne? Maƙwabciyata aka ce za a yi wa wata mai zuwa, mijin ya fara neman mai sayen akuyarsa.

Likita_Mai_Kwana:
Dakta Pate, a matsayinsa na ministan lafiya, ya sanar da haka a Nuwamban 2024, don mata marasa ƙarfi, a cikin shirin rage mutuwar mata masu juna biyu da ya fi mai da hankali kan ƙananan hukumomi 172 da suka fi yawan mace-macen. Zaɓen inda abin ya fi muni a fara da shi, wannan tunanin daidai ne. Amma ba kowane asibiti ba ne, sai waɗanda hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta tantance ta sa a tsarin. Ku je tun yanzu ku tambayi teburin inshora na babban asibitin da take awo, kar a bari sai ranar. Kuma ku tanadi masu ba da jini mutum biyu daga dangi.

'Yar_Damagaram:
Ku tambaya har da zaren ɗinki da ruwan ƙari, ko suna cikin kyautar. Mu a nan wajen aka fi kama mu.

Tsohon_Duba_Gari:
Akawu, kwamitin mazaɓar nan da ka ce yana sa hannu, wa ke naɗa shi yanzu? A zamaninmu a dandali ake zaɓensa gaban mai gari, har da mace aƙalla ɗaya.

Akawun_Ƙaramar_Hukuma:
Baba a takarda har yanzu jama'a ne. A inda na yi aiki kansila ke kawo sunaye.

Ungozomar_Karkara:
Namu shugaban kwamitin tela ne, kuma wallahi yana ƙoƙari, shi ya bi gida gida aka tara kuɗin gyaran rijiyarmu. Akawu, in asibiti ba ya cikin waɗanda aka zaɓa a mazaɓa, akwai hanyar da za a nemi a sa shi? Namu ya fi wanda aka zaɓa yawan haihuwa nesa ba kusa ba, shi dai wancan yana garin su kansila ne.

Akawun_Ƙaramar_Hukuma:
Hajiya ku rubuta wa hukumar lafiya matakin farko ta jiha ta hannun shugaban sashen lafiya, ku haɗa da kwafin rajistar haihuwarku ta shekara guda, hakimi ya sa hannu. Ki turo min saƙo ta gefe in nuna miki yadda ake tsara takardar.